Kwana Arba'in Ba Turai

A Badarawa, in maganar kifi ta tashi, kowa sai ya ja bakinsa ya bar wa Maitama fili. Wanzami ne, amma fatsa ce ta yi masa suna, ba aska ba. Shi ne mai cewa kifi ba sakarai ba ne, yana da abin da yake marmari. Ranar da shinge ya tashi bayan ruwan farko, karfasa ko kallon wani abinci ba ta yi. In kuwa gulbi ya yi jawur da laka, tarwada ƙasa take bi da gashin bakinta, ba abin da take nema sai tana. Abin haushin, duk yadda ya faɗa haka take kasancewa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, 'yan kartar bakin tasha suka rasa abin yi da hannuwansu. Su shida suka sari gora, suka ɗaura ƙugiya, suka bi Maitama gulbi suna ce masa Malam. Ai kuwa hula ta ƙara karkacewa.

Bai taɓa tambayar kansa inda ilimin nan yake fitowa ba. Shekara talatin matarsa Turai ke gyara kifin da ya kamo, tana yi tana mita: "Wanga duk shinge na cikinai, sai ƙarni." Washegari sai Maitama ya farka da tunanin shinge, ya gode wa Allah da ya ba shi basira.

Ana nan 'yarsu Amina ta yi haihuwa ta uku a Jangeru, Turai ta tafi zaman jego, kwana arba'in.

Mako bai cika ba kifi ya juya wa Maitama baya. Ya sa tana, shiru. Ya sa fara, shiru. Tsoho, babban 'yan kartar, ya dube shi ya ce, "Malam, ko kihin su ma Gusau sunka tahi biɗar aikin gwamnati?" Aka kwashe da dariya. Kafin sati uku Malam ɗin ya fara faɗuwa daga bakinsu, sai Maitama tsurarsa. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai, fiye da rashin miya.

Ranar da ya samu wata 'yar karfasa, sai ya cusa ta a jaka ya hau mota, wai ganin jika za shi.

Turai ta ɗaga kifin da yatsa biyu. "Malam, tun daga Badarawa da kihi guda?"

"Na mai jego na," in ji shi, yana kallon gefe.

Ta tsaga cikin, ta baje hanjin da babban yatsa, ta miƙo masa har gaban hanci. Wasu 'yan baƙaƙen tsutsotsi ne cunkus.

"Ruwa ya kwanta, sun koma ga tsutsar ƙarƙashin duwatsu. Ka birkice dutsi ka ɗebo, ka ƙyale tana ta huta."

Yau babu mita, kai tsaye ta faɗa. Maitama ya dubi tsutsotsin, ya dubi hannunta, kunya ta rufe shi tun daga hula har takalmi.

"Turai, ashe kin san abin da kike yi?"

Ta jefa kifin a kwano, ta ɗauraye wuƙa.

"To da can, wa kaka zato nike ma mita shekara talatin? Kajin gida?"