Ranar da Tokuji Ya Ɗaure Bawul

Shekara ashirin da shida ina rabon wasiƙu a wannan kwarin namu na arewacin tsibirin Hokkaido, ban taɓa ganin mai taurin kai irin Baba Tokuji Sasaya ba. Da damina manomin dankali ne. Da zarar dusar ƙanƙara ta binne gonaki sai ya koma bakaniken baburan da ke gudu a kan ƙanƙara, masu tsohon injin nan da ke shan fetur gauraye da man inji. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ba su haihu ba. Mutum ɗaya ya rage masa a duniya: Ebina, maƙwabcinsa na tsallaken gona, mai kiwon shanun madara.

Tun suna samari suka raba aiki, Tokuji ya gyara, Ebina ya hau. Duk watan Fabrairu ana tseren babura a garinmu, sau tara suna cin kofi, kuma sirrin bai wuce abu ɗaya ba. A bakin salansa akwai wani ɗan bawul da ke rufewa in inji na tafiya a hankali, don ya ba shi ƙarfin tashi, ya buɗe in an ba shi wuta. Tokuji bai taɓa yarda da shi ba. Cewa yake baƙin hayaƙi na liƙe shi, ya maƙale maka a tsakiyar tsere. Don haka kafin kowane tsere sai ya cire masa waya, ya ɗaure shi a buɗe da noti. Babur ya zama rago wajen tashi, amma in ya samu miƙaƙƙiyar hanya, sai dai ka ga ƙurarsa. Filin tserenmu kuwa bakin kogi ne, kilomita biyu ba kwana ko ɗaya.

To, bara gwiwoyin Ebina suka gaza. Aka kwashe shanun, ɗansa ya ce ya tattara ya dawo wurinsu a birnin Sapporo. Tokuji ya ji labari. Sai ya jawo tsohon baburinsu daga rumfa, ya sa wa ransa cewa in suka ci kofi na goma, Ebina ba zai iya barin garin ba.

Ni na kai masa takardar kwamitin tsere. Na same shi durƙushe, hannu baƙi ƙirin.

Na ce, "Baba Toku, ka buɗe wannan, bana an yi canji."

"Ajiye can."

"Ka dai karanta, maganar fili ce."

"Ke 'yar wasiƙa, tun ba a haife ki ba nake wannan tseren. Ni za ki koya wa fili?"

Raina ya ɓaci, na ce a zuci wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Na wuce abina. Washegari na ga takardar a ƙarƙashin butar shayinsa, ko yage ta bai yi ba. Har yau ina jin haushin kaina da ban tsaya na faɗa masa ƙarfi da yaji ba.

Abin da ke ciki shi ne: mutane sun ƙare a kwarin, babu masu daddale ƙanƙarar dogon filin bakin kogi. An mayar da tseren bayan tsohuwar makarantar da aka rufe, ɗan zagaye mai kwana takwas.

Ranar tsere babura bakwai kacal suka fito, 'yan kallo ba mu kai talatin ba, muna ɗumama hannu da kofunan miyar dankali. Da Tokuji ya ga filin, fuskarsa ta sauya. Lokacin kwance noti kuwa ya wuce. Aka ɗaga tuta. Kash! Duk kwanar da Ebina ya sha sai inji ya shaƙe, yana tari kamar tsohon mashayin taba, kafin ya farfaɗo wata kwanar ta iso. Har matar mai gidan mai ta wuce shi sau biyu, tana ɗaga masa hannu. Shi ya zo na ƙarshe.

Ina kusa da su lokacin da Ebina ya cire hular kwano, yana dariya har da hawaye.

Tokuji ya ce, "Dariya ma kake yi? Ka san an canza fili?"

"Na sani mana. Ni ai ina karanta wasiƙuna."

"Shi ne ka ƙyale ni na ɗaure bawul, ɗan banzan tsoho?"

Ebina ya daina dariya. Ya ce, "Toku, da na faɗa maka da ka bar shi yadda yake, wataƙila ma mu ci. Sai ka ɗauki kofi ka zo ka ce in zauna. Ni kuwa motar kaya ranar Laraba za ta zo, ko mun ci ko ba mu ci ba. Ba zan iya ce maka a'a da kofi a hannunka ba."

Tokuji ya juya baya, ya yi ta goge sitiyarin da ba abin da ya same shi. Tausayinsa ya kama ni har na kasa shanye miyata.

Ranar Laraba bai fito sallama ba. Sai da mota ta hau titi muka ji kukan inji daga bakin kogi. Shi ne, shi kaɗai, ya ba baburin wuta har ƙarshe, yana bin motar ta tsallaken ruwa har inda gada ta raba su.

Yanzu gidansa ne ƙarshen zagayena, bayansa ba kowa. Makon jiya na tarar ya kwance notin, yana mayar wa bawul wayarsa a hankali.

Na ce, "Au, Baba Toku, yau kuma an shirya da bawul?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Yanzu ina za ni da gudu?"