Kwalbar Gindin Randa

Yayana ne ya kawo ta, shekarar da ya samu aiki a wani babban otal a Legas. Jar giya ce ta inabi, cikin baƙar kwalba, ya naɗo ta a tawul kamar jaririya. Ya tara mu a tsakar gida, ni da Baba da Inna, ya yi mana lacca. Wai daga wata gona take a Faransa, wai manyan mutane ma sai sun bi layi suke samunta, wai ba a shanta yanzu, sai ta yi shekaru a kwance tana nuna. Tana son duhu, tana son sanyi, ba ta son a girgiza ta. Na ce masa ashe amarya ya kawo mana. Ko murmushi bai yi ba.

Mu giyar da muka sani a ƙauyenmu, can bayan Ɗambatta, burkutu ce, wadda in ta kwana biyu sai dai a zubar. Ita ma Baba ya bar ta tun ranar da aka yi masa baftisma. Na zaci zai ce a fitar masa da kwalbar daga gida. Sai na ji ya ce, "Yaushe za ta nuna?"

"Ni zan sani, Baba. Ranar da ta nuna zan zo da kaina in buɗe ta."

"Da me ake shanta?"

"Gasasshen naman rago. Ban da tuwo fa, miyar kuka kashe mata ɗanɗano za ta yi."

Inna, wadda da miyar kukar ta raine shi har ya yi wannan wuyan, ta tashi ta koma wajen murhunta.

Duk dogon Turancin nan, abu ɗaya Baba ya ji: zan zo da kaina. Washegari ya haƙa rami a gindin randar ɗakin Inna, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan, ya kwantar da kwalbar, ya rufe ta da yashi. Kullum kafin ya fita gona sai ya yayyafa wa yashin ruwa. Ranar kasuwa ya je Ɗambatta ya sayo ɗan rago, ya shiga ba shi dusa da harawa.

Magana ta kai coci. Dattijai suka zo har gida, suka ce bai dace a ji giya a ɗakin mai bi ba. Baba ya ce ajiya ce ta ɗansa, ba zai taɓa ba, ba kuma zai zubar ba. Suka sauke shi daga bencin dattijai. Mutumin da bai taɓa makara sujada ba ya koma zama a baya tare da samari, a kan kwalbar da ko ƙamshinta bai sani ba.

Duk Kirsimeti sai ya sa in kira masa Yaya a wayata. Bayan gaisuwa tambayar ɗaya ce: "Ta nuna?" Amsar ma ɗaya ce: "Ba ta kai ba tukuna, Baba." Rago ya tsufa aka kai shi kasuwa, aka sayo wani, shi ma ya tsufa. Shi kuwa gogan naka hotuna yake turo mini, ya cusa hanci cikin kofin gilashi mai doguwar ƙafa, ya lumshe ido. A ƙasa ya rubuta wai yana jin ƙamshin tsohuwar fata da na ƙasa bayan ruwan sama. Haushi ya ishe ni. Ƙamshin ƙasa bayan ruwa ga shi nan kyauta a bayan gidanmu duk damina, ba wanda ya hana shi zuwa ya shaƙa har ya ƙoshi.

Da ƙafafun Baba suka kumbura ya kasa tashi, ni ya ɗora wa yayyafin. In taso daga makarantar da nake koyarwa, in zo in shayar da kwalba kamar shuka. Wata rana ya riƙe hannuna ya ce, "Ki tambaye shi ko ta nuna." Na fita waje na kira. Na ce, "Yaya, jikin Baba ya yi tsanani. Ka ce ta nuna kawai, ka taho." Ya ce aiki ya yi masa yawa, sai bayan bikin Ista, kuma irin wannan giya ba a yi mata gaggawa.

Baba ya rasu a farkon damina. Yaya ya iso washegarin jana'iza. Inna ta sa aka yanka ragon saboda masu zuwa gaisuwa. Da mutane suka ragu, sai ga shi ya fito da kofin nan mai doguwar ƙafa daga jakarsa, da wani ƙarfen cire toshiya. Wato a Legas, da yana haɗa kayan zuwa makokin ubansa, bai manta da su ba.

Ya tono kwalbar. Takardar jikinta ta ruɓe saboda danshi, ya yi tsaki, ya ce wa ya ce a jiƙa ta haka. Ya zuba kaɗan, ya ɗaga kofin ga rana, ya jujjuya, ya shinshina, ya kurɓa ya yi ta kurkurar baki kamar mai ciwon haƙori. Ya ɗauki tsokar ragon ya tauna. Ni dai ina tsaye, ji nake kamar in kwaɗa masa muciya.

"Baba ya iya ajiya," in ji shi. "Sai dai an yi sauri. Da an ƙara mata ko da shekara biyu ne."

Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta. Ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Shi ma abin da ya yi ta roƙon Allah ke nan, ko zai ƙara masa biyu."

Sai ta ce mini in cike ramin nan, kada randa ta karkace.