Dogo da Tuwon Yashi

Kakarmu Ladi ba ta iya ba da labari cikin sanyin rai ba. A gidanmu na ƙauye, can bayan Manchok, da an gama cin tuwon yamma sai ta jawo kujerarta kusa da murhu tana ɓarar gyaɗa, mu jikoki mu kewaye ta. Rabi da yarenmu take yi, rabi da Hausa, amma in ranta ya ɓaci Hausar ce ke fitowa. "Ku matso, ga wata ta iso," in ji ta. Mu ce, "Ta shigo mu ji."

Wanda ta fi maimaitawa shi ne labarin Dogo. Matar Dogo za ta tafi haƙar citta a wata gona mai nisa, aikin kwana bakwai. Dogo ya ce ta tafi abinta, aikin gida ai wasan yara ne. Ranar farko ya dafa acca, bai san ana rege ta a fitar da yashi ba. Yara suka kai loma, haƙora suka ce ƙaras. Dogo ya ce laifin tukunya ne, ya ɗauki taɓarya ya fasa ta. Rana ta biyu miya ta ƙone, ya ce murhu ne, ya rushe shi. Rana ta uku akuya ta cinye garin da ya shanya, ya kora ta daji. Kafin matar ta dawo, yaran sun koma cin abinci a gidan maƙwabta. Ko buhun citta ba ta sauke ba, Dogo ya tare ta a ƙofa: "Dubi yadda kika bar mini gida!"

Mukan yi dariya har mu kwanta a ƙasa. Kaka ba ta dariya. Sai ta nuna mu maza da ɓawon gyaɗa ta ce, "Ku yi ta dariya! Gobe ku ne Dogo." Ta ɗaga murya yadda Kakanmu zai ji daga ƙofar ɗakinsa, shi kuwa ya ƙara ƙarar rediyo.

Bara, ina koyarwa a wata sakandare a Kafanchan, abokan aikin matata Rifkatu biyu suka bar asibitin da take aikin nas. Aikin mutum uku ya faɗo kanta. Tana fita da sassafe, ba ta dawowa sai rana ta faɗi. Na ce mata kada ta damu, zan riƙe gida.

Sati na farko na zuba farar yunifom ɗin 'yarmu Alheri a ruwa ɗaya da jan zane. Ta tafi makaranta da riga ruwan hoda, ta dawo tana kuka. Na yi ƙoƙarin taje mata kai, ta yi ihu har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Wake ya ƙone sau biyu. Ban san inda ake ajiye daddawa a gidana ba, gidan da na shekara goma sha ɗaya a ciki. Ranar Lahadi wani dattijon coci ya ja ni gefe ya ce, "Malam, an ce an gan ka kana shanya zanen madam. Ka gaya mata ta ajiye aikin nan." Na tafi gida da maganar a ƙirjina.

Da yammar Talata Rifkatu ta shigo, ƙafafunta a kumbure, takalma a hannu. Ban bari ta zauna ba. Na ce gidan ya lalace, na ce asibiti ta aura ko ni, na ce ko sannu ba ta yi mini. Alheri ta gudu ɗaki.

Rifkatu ta ajiye takalman ta dube ni. "Baban Alheri, sati uku ka yi. Sati uku, kana so a buga maka ganga a coci. Ni shekara goma sha ɗaya nake yi bayan na taso daga aiki. Wa ya ce mini sannu?"

Na fita tsakar gida. Fushi nake, kuma har yau ina yi, sai dai ya sauka daga kanta. Ina fushi da duk wanda ya kore ni daga kicin ina yaro yana cewa, "Fita, kai namiji ne." Ina fushi da dattijon nan. Na fi fushi da kaina, mai digiri, mai koya wa 'ya'yan mutane, wanda bai iya ciyar da 'yarsa ba. A tsaye a wurin na gane Kaka ba wasa take mana ba. Tsohuwa ce da ta gaji, ta rasa wanda za ta faɗa wa sai yara, mu kuwa muka yi mata dariya.

Na koma ciki na ce, "Rifkatu, ki yi haƙuri."

Ba ta ɗago kai ba. "Haƙuri ina da shi da yawa," ta ce. "Ruwan zafi nake so na gasa ƙafa. Ka san inda botiki yake?"

Ban sani ba. Sai da ta nuna mini.