Kunkurun Mahaifina a Rumfar Macizai

Shekarun baya, lokacin ina aikin gini a Sabha, a kudancin Libiya, wasu mutane suka zo daga arewacin Libiya da nunin macizai da sauran masu jan ciki. Suka kafa wata babbar rumfa a wani fili da ke bayan kasuwa. Abokina da muke ɗaki ɗaya ya matsa mini sai mun je. Na ce masa ni da maciji ko a hoto ba ma shiri. Ya ce, "Ai a cikin gilashi suke. Ka tashi mu je, kullum kana kwance kamar marar lafiya."

Gaskiyarsa ce. A watannin nan ba na zuwa ko'ina sai wurin aiki da masallaci, kuma mahaifina ne dalili.

Mahaifina ya yi shekaru masu yawa yana aikin lambu a wata gona a Samnu, wani gari kusa da Sabha, a hannun wani dattijo Balarabe. Tun ina ƙarami ya bar ƙauyenmu da ke kusa da garin Tawa, sai dai ya zo ganin gida ya koma. A tafiyarsa ta fari ya tsinci ɗan kunkuru a bakin hanya, bai fi tafin hannun jariri ba. Ya saka shi a gwangwanin madara, ya huda murfin, suka hau saman kamyo, babbar motar kaya, tare, suka ratsa sahara. Ya sa masa suna Direba, wai don duk duniya babu mai gudunsa. Lokacin da na girma na bi mahaifina Libiya, Direba ya zama ƙato, mutum ɗaya ba ya iya ɗaga shi. Ya haƙa raminsa a gindin wata bishiyar dabino. Da yamma mahaifina zai ƙwanƙwasa kwano da cokali, ya zube masa ɓawon kankana, ya zauna yana yi masa hira da Hausa. Har kishi na riƙa ji, ni da gemuna, don labaran da yake ba kunkurun nan bai taɓa ba ni su ba.

Wata safiya mahaifina ya faɗi a tsakiyar shukar albasa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi, sai kalma ɗaya ko biyu da ƙyar. 'Yan garinmu suka taimaka aka mai da shi gida wurin mahaifiyata, ni kuma na tsaya don aiki. Ba a jima ba dattijon mai gonar ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da ita. Da na je Samnu neman Direba, na tarar an cike ramin, sababbin ma'aikata sun ce ba su san zancen ba. Na faɗa wa mahaifiyata a waya, ita ta faɗa masa. Ta ce bai yi motsi ba, ya dai juya fuskarsa bango.

To, ranar Juma'a bayan la'asar muka shiga rumfar nan. Akwatunan gilashi ne jere a kan tebura, kowanne da fitila a samansa. Ga kububuwa ta binne kanta cikin rairayi, ido kawai ake gani. Ga gamsheƙa ta fasa kai tana bin yatsan wani yaro ta bayan gilashi. Akwai wata mesa mai ruwan ƙwai da ake ɗora wa mutane a wuya su ɗauki hoto; abokina ya karɓe ta yana dariya, ni kuwa na samu wata mata mai 'ya'ya da yawa na laɓe a bayansu, kamar ina taya ta tsaron yara. Na ga hawainiya a kan busasshen reshe, da damo guda biyu sun dunƙule a kusurwa, da wani ɗan kada a cikin baho wanda ko ƙyafta ido bai yi ba har muka wuce. Wurin na warin danshi da fitsarin dabba. Na ce wa abokina na ga abin da zan gani, mu tafi.

Hanyar fita ta bi ta gefen wani ɗan shinge na katako, inda yara suka yi cincirindo suna miƙa ganyen latas. Na leƙa don in ga abin da suke ciyarwa. Kunkuru ne babba. A bayan ƙoƙonsa, ta hagu, akwai tsaga da aka like da shuɗin gam irin na haɗa bututun ruwa. Ina nan ranar da ƙafar tarakta ta taɓa shi, ni na riƙe shi mahaifina yana shafa gam ɗin, yana ta ba shi haƙuri.

Na tsuguna a wurin na kama katakon. Abokina ya ce, "Lafiya? Wani abu ya sare ka?" Na ce, "Direba ne." Ya san labarin, sai kawai ya cire hularsa ya tsaya.

Mai nunin wani Balarabe ne mai furfura a gemu, ya yi zaman Agadas, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Abokina ya kira shi, na ba shi labari da Larabcina na wurin gini. Ya ce wani ne ya kawo masa kunkurun a bayan mota daga wajen Samnu. Ya buɗe shingen ya ce, "Shiga, shiga. Naka ne, gaishe shi."

Na shiga na zauna a ƙasa cikin kashin kunkuru da guntun latas, da kayan Juma'ata. Na kira wayar ƙanwata ta bidiyo, na ce ta kai wa Baba. Fuskarsa ta fito: ya rame, bakin ya karkace, an jingina shi da bango a kan tabarma. Na ce, "Baba, dubi wanda na samu." Na juya kyamarar.

Ya daɗe yana kallo. Sai na ga hannunsa na hagu yana laluben ƙasa. Mahaifiyata ta ce, "Me kake nema, Malam?" Ya nuna kwanon furarsa. Ta miƙa masa, ya ɗauki ludayi ya fara ƙwanƙwasawa, a hankali, yadda yake yi a Samnu. Na kai wayar kusa da kan Direba, na ƙara sauti har ƙarshe.

Ina so in ce muku ya ɗago kai ya nufo wayar. Bai yi ba. Ya ci gaba da tauna latas ɗinsa kamar babu kowa a duniya. Mahaifina ya yi dariya da rabin bakinsa, har kafaɗarsa na girgiza, hawaye na bin kuncinsa. Ya yi ta kokawa da harshensa, can ya fitar da kalma biyu: "Ya ƙoshi."

Mai nunin yana tsaye a kaina duk wannan lokaci. Ya taɓa kafaɗata ya ce jibi za su naɗe rumfa su koma bakin teku. "Kai so, kai ɗauka. Ni ba magana." Abin da nake shirin roƙo ke nan, ga shi an ba ni tun ban buɗe baki ba. Sai a lokacin na fara tunanin inda zan kai shi. Ɗakinmu ƙasan siminti ne, mu da yawa muke kwana kafaɗa da kafaɗa, babu tsakar gida, babu inda zai haƙa rami. Gida kuma, wane direba ne zai bar mutum a ƙasa ya ba kunkuru wuri a mota, ya bi da shi duk shingayen bincike har Agadas? Wanda ya shigo a gwangwanin madara, yanzu ya fi ƙarfin hanyar da ta kawo shi.

Na faɗa wa mahaifiyata yadda ake ciki. Ta sunkuya ta maimaita masa a kunne. Ya girgiza kai, ya ɗaga tafin hannunsa ya tura shi gaba, kamar mai sallamar baƙo. Mahaifiyata ta ce, "Ya ce ka bar shi. Kada ka ɗora wa kanka abin da ba za ka iya ba." Daga nan layin ya fara yankewa, hoton ya tsaya cak, ya ɗauke.

Na shafa ƙoƙon Direba, na yi wa mai nunin godiya, muka fito. Ni da abokina muka hau tasi muka koma unguwa.

Mahaifina ya rasu kafin damina ta faɗi. Ina kan bene ina miƙa bulo aka kira ni. Ban samu jana'iza ba. Sai bayan watanni na je na tsaya a kan kabarinsa. Mahaifiyata ta ba ni labari cewa ranar da muka yi wayar nan ya ci tuwo da hannunsa, abin da ya daɗe bai yi ba, kuma duk wanda ya shigo gaishe shi sai ya sa ƙanwata ta ba shi labarin an ga Direba.

Yanzu na dawo gida, ina da iyalina, ciwon ya lafa. Abin da ya rage mini shi ne wannan: kiran nan shi ne ganina da shi na ƙarshe, kuma tun daga farkonsa har ya yanke kyamarar na kan kunkuru. Bai ga fuskata ba sai ɗan lokacin da na yi sallama. Da farko abin ya riƙa ci mini rai. Daga baya na lura cewa duk tsawon lokacin da yake kallon Direba, ni shi nake kallo. Ban taɓa samun damar zuba wa mahaifina ido haka ba, don a gabansa kaina a sunkuye yake tun ina yaro. Ranar ce kaɗai na ƙare masa kallo, kuma yana dariya. Allah Ya jiƙansa.