Gurbin Ƙaramin Bandiri

A shekarun da kowa a Duwala ya koyi faɗin "lakiris", wato matsin tattalin arziki, har da tsofaffin da ba su taɓa jin Faransanci ba, ni aikina gyaran rediyo ne a wata 'yar rumfa a New Bell. Na ce aiki ne don a sakaya, domin yawancin yini ina kwance rediyon da lafiyarsa ƙalau ne ina sake ɗaurawa. Kamfanonin bakin ruwa sun sallami mutane, 'yan kasuwar da suka zo daga Najeriya suna ta tattara kaya ɗaya bayan ɗaya. Wasu ranakun gari ya waye a rufe saboda yajin aiki, ba kasuwa ba mota, sai hayaƙin taya daga wajen Ndokoti. Ban iya zama wuri ɗaya ba. In ina rumfa sai in ji gida nake so, in na je gida sai in ji kamar ana nemana a rumfa.

Abin da ya riƙe ni shi ne wata rakoda da na harhaɗa daga gawar wasu guda biyu. Da ita nake yawo cikin unguwa ina ɗaukar duk abin da ke da sauti: ladanin masallacinmu, makaho mai begen Annabi a bakin kasuwa, mata masu daka, har ruwan sama a kan kwano. Inna ta ce ita dai ta haifi mutum, amma ga shi ya koma kunne.

Baba kuwa shi ne mai babban bandiri a zawiyar unguwarmu, inda 'yan ɗariƙa ke zama zikiri kowace Juma'a bayan la'asar. Kusa da shi amininsa ke zama, wani mahauci da muke kira Kawu ko da yake ba mu haɗa jini ba. Shi ke riƙe da ƙaramin bandiri. Baba ya buga, Kawu ya amsa a tsakanin bugun, haka suke tun kafin a haife ni. Damshin Duwala yana kashe fata, don haka kafin a fara sai su tsuguna su biyu gaban kaskon gawayi suna gasa bandiransu, suna musun da ba ya ƙarewa a kan wanda ya fi wani tsufa.

Cikin waɗannan shekarun ne ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Hannun ya kumbura har Inna ta zare masa zoben azurfarsa da sabulu ta ɗaure a bakin zanenta. Wani tsohon ɗalibinsa ya karɓi babban bandiri, ni kuma na zama mai kawo masa zikirin gida a kaset.

Ɗaukar farko na yi ta da gwaninta. Na manna rakoda a bakin mai jan baiti, murya ta fito tas. Baba ya saurara kaɗan, ya tambaye ni da harshensa da ya yi nauyi, ina mutane? Daga ranar sai na riƙa ajiye ta a tsakiyar da'ira, a kan tabarma. A nan take kwaso komai, tarin wannan da nishin wancan, da numfashin da ake ja tare in zikiri ya yi zafi. Baba ya rufe ido ya riƙa lissafa su. Wane ya zo, wane mura yake yi, wane bai zo ba, shi ma ya koma gida Najeriya ke nan? Kowane mako da'irar tana raguwa, yana jin ta a kunnensa. Amma in ƙaramin bandiri ya shigo sai ya saki fuska ya ce tsohon banzan nan har yanzu gaggawa yake yi.

Sai Kawu ya kwanta zazzaɓi, kafin Juma'a ta zagayo an kai shi makwancinsa.

Inna ta hana a gaya wa Baba. Likita ya ce jininsa ba ya son tashin hankali, ita kuma ta riƙe maganar da hannu biyu. Ta tsaya a ƙofa kamar ɗan sanda, duk mai zuwa dubiya sai ta yi masa bita tukuna. Wata maƙwabciyarmu ta shigo da "ashiya" a bakinta, wato sannu irin ta Duwala, Inna ta juya ta tun daga tsakar gida. Rashin zuwan Kawu kuma aka ɗora shi a kan rufewar gari, tunda yana can unguwar Village ne mai nisa wajen ɗansa. Na goyi bayan Inna ɗari bisa ɗari. Tsoro nake ji ƙwarai, kada labarin ya ƙarasa abin da ciwo ya fara.

Matsalar ita ce al'adar zawiyarmu. In makaɗi ya rasu, ba a ba wani bandirinsa sai bayan sadakar arba'in. Ana ajiye shi a gurbinsa, a buga sauran, a bar wurin amsarsa shiru. Ranar Juma'a na ɗauko zikirin, na saurara a rumfa. Babban bandiri ya buga, sai rami. Ya sake bugawa, sai rami. Ko kurma aka kunna wa wannan sai ya tambayi wa ya mutu.

Na kasa zaune na kasa tsaye. Na je wurin shugaban zawiya na roƙe shi a bar wani ya riƙe ƙaramin, ko na mako ɗaya. Ya ce in yi haƙuri, ba shi ya kafa abin ba, mahaifina ma yana cikin waɗanda suka kafa. Na koma na zazzage kaset ɗina. Sababbi sun yi wuya a lokacin, shi ya sa tun kwanciyar Baba guda ɗaya nake ta maimaitawa, in share na jiya in ɗora na yau. Duk wanda ke da Kawu a ciki na da ne, lokacin da Baba ke da lafiya. Na ce ai bandiri bandiri ne, ɗalibin kuma hannun malaminsa ya kwaikwaya. Na haɗa rakoda biyu, na ɗauko addu'ar buɗewa daga sabon, kiɗa daga tsohon, na rufe da sabon. Na saurara har kunnena ya gaji, ina bin Kawu bugu bayan bugu, ban ji aibu ba.

Da hantsin Asabar na kai masa. Gari a rufe yake ranar, unguwa tsit, Inna ta fake da gyaran labule ta ƙi fita daga ɗakin. Addu'a ta wuce lafiya. Kiɗa ya shigo, ga Kawu nan da gaggawarsa, na saci kallon Baba ina jiran ya zage shi kamar kullum. Bai zage shi ba. Ya ce in mayar baya, in ƙara murya.

A karo na biyu ne na ji shi. Bayan kowane bugu na babban bandiri akwai wani ɗan ƙas, ƙarfe a kan itace. Zoben Baba ne yake taɓa bakin bandirin. Tun ina goye nake jin sautin nan, har kunnena ya daina ƙirga shi. Inna ta kai hannu bakin zanenta, ta damƙe ƙullin zoben.

Ni ne ɗan farinsa, Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce, "Kai wannan, yaushe aka kai shi?"

Na ce, "Ranar Talata, Baba."

Ya tambayi wa ya yi masa salla, na faɗa masa. Ya daɗe yana kallon silin, leɓensa na motsi, hawaye na gangarowa ta gefen da ya shanye. Ni dai idona na kan ƙirjinsa, ina duba ko numfashin zai sauya. Bai sauya ba. Can ya ce in kawo na gaskiyar, Inna kuma ta ba shi zobensa.

Na yi gudu zuwa rumfa ta tsakiyar titin da ba mota ko ɗaya, na dawo ina haki. Na tarar ta sa masa zoben a hannun hagu, ta matso da hannun kusa da ƙarfen gado. Na kunna. Ɗalibinsa ya buga babban bandiri, ramin ya buɗe, Baba ya ɗaga yatsa ya ƙwanƙwasa ƙarfen. Ya makara. Ya sake, ya sake makara, don hannun hagu bai saba ba, kuma tsawon rayuwarsa shi ake amsa wa. Bai bari ba, yana ta bi har ya kamo wurin, daga nan kuma ya fara shiga kafin lokaci.

Inna ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Malam, gaggawa kake yi."

Ya ce, "Haka tsohon banzan yake buga shi."