Sunan da Ban Kira Ba

Mu mutanen Yola ba ma kiran sunan ɗan fari. Haka na tarar, haka na yi. Uwata ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, ni ma da na haifi nawa sai na kama bakina. In ina nemansa in ce "kai", in ina zancensa in ce "yaron nan", har ya yi gemu ya yi aure. Shi kuma Adda, wato yaya, yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna kirana, don a ɗakin kakarsa ya tashi. Ba wanda ya ga aibun wannan. Kunya ce, kuma macen da ba ta kunyar ɗan fari da baki ake nuna ta.

Yana da shagon gyaran waya a cikin kasuwa a Jimeta, suna zaune da matarsa a unguwar Gwadabawa, can a Jimetan. Ni ina Mbamba a cikin Yola, ina koyarwa a firamare. Duk Asabar da safe sai ya zo ya gaishe ni kafin ya buɗe shago, kuma duk zuwan da zai yi sai ya manta wani abu a gidana. Yau hula, wani satin makulli, wani satin cajar waya. Na sha yi masa faɗa a kan sakaci, yana sunkuyar da kai yana murmushi, abin da ke ƙara ƙular da ni ke nan.

A shekarun da mutanen Mubi da Michika suka gudo suka cika mana gari ne abin ya faru. Wata Asabar na dama masa kunun gyaɗa na zuba a filas. Ya gaishe ni, ya tashi, ya bar filas ɗin a kan tabarma. Na ɗauka na bi shi ƙofar gida. Ya kusa kai bakin titi, yana tafiya a hankali cikin mutane.

"Kai! Kai, yaron nan!"

Samari biyu suka waiwayo, ban da shi. Sunan ya zo mini har kan harshe. Amma maƙwabtana mata suna zaune a ƙofar gidansu suna gyaran yakuwa, idonsu a kaina. Na haɗiye. Ya tare keke ya shiga. Na ce a raina shi ya so, na koma ciki da kununa.

Bai kai ga shagonsa ba. Bom ya tashi a bakin kasuwa, daidai inda masu keke ke sauke fasinja, yana sauka ke nan.

A zaman makoki ban yi kuka ba. Mata suna shigowa suna yaba mini, suna cewa ga munyal, wato haƙurin uwa ta gari. Ba su san lissafi nake yi ba. Da na kira sunansa da ya waiwayo. Da ya dawo ya karɓi filas, da keken nan ya wuce, da wani ya hau. Minti biyu kawai. Na yi wannan lissafin shekara da shekaru, a aji, a kan sallaya, a bakin murhu, ban faɗa wa kowa ba.

Na daina zuwa Jimeta gaba ɗaya. Biki, suna, rasuwa, sai dai in aika. Na daina dama kunun gyaɗa, ko ƙamshinsa na ji a maƙwabta sai zuciyata ta hau dukan ƙirjina. Na zama mafaɗaciya, ni da da ma ba sanyin hali ne da ni ba. An yi mini addu'o'i, na sha rubutu, na ji daɗinsu kuma, amma lissafin bai tsaya ba. A asibiti aka auna ni sama da ƙasa aka ce zuciyata lafiya lau. Na ce wa likitan to ya ara mini tasa in gwada.

Autata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta ɗauki abin a kanta. Ta fara kai ni wurin wani likita da ya rubuta mini ƙwayar barci. Na yi barci kam, na farka na tarar da tunanina zaune yana jirana. Ta kai ni wani taron mata inda ake cewa kowa ta faɗi damuwarta, mai jagorantar taron ta fi mu kuka, har ni na koma ba ta haƙuri. Daga nan na ce a ƙyale ni.

Ba ta ƙyale ni ba. Ta yi ta tambaya a wurin aikinsu har aka ba ta labarin wata da ta yi aiki da 'yan gudun hijira a Damare, wadda take zuwa wani ƙaramin asibiti a cikin Yola duk Talata. A gabana ta kira ta a waya tana yi mata tambayoyi kamar mai neman aure: ina ta yi karatu, wane irin magani take yi, zama nawa ake yi, tana jin Hausa ko Fulatanci, kuma abin da aka faɗa mata yana fita waje?

"Ni mahaukaciya ce da za ki kai ni wurin likitar ƙwaƙwalwa?" na ce.

"Dada, shekara nawa rabonki da Jimeta?" Iyakar abin da autata ta ce ke nan.

Da niyyar faɗa na je. Na tarar da yarinya sa'ar autata, a wani ɗaki mai kujera biyu da fanka mai ƙara. Hausarta irin ta Jimeta ce, mace da namiji duk "ka" ne a bakinta, malamar da ke cikina tana ta ƙaiƙayin gyara mata.

"Dada, ni ba zan ba ka magani na sha ba," ta ce. "Aikin da nake yi si-bi-ti ake ce masa. Ka san murhu, dutse uku ne. Abin da ka tuna, abin da ka ji a jiki, da abin da ka yi. In mun gyara zaman dutse ɗaya, tukunya zai canza zama. Amma ni da kai za mu yi, kuma akwai aikin gida."

Aikin gida! Ni da na ƙare ƙuruciyata ina ba 'ya'yan mutane aikin gida. Ta ba ni littafi ta ja layuka: ina nake, me ya zo mini a rai, ƙarfinsa daga ɗaya zuwa goma, me na yi bayan nan. Sati uku ina cika mata shi da abin da bai taka kara ya karya ba. Taya ta fashe, na firgita, bakwai. Tana karantawa tana godiya, ba ta matsa mini. A sati na huɗu maƙwabciyata ta dama kunun gyaɗa, ƙamshin ya tsallako katanga. Na ɗauki biro na rubuta: Ni na kashe shi. Goma.

Ranar Talata na ba ta labarin filas. Ita ce mutum ta farko da ta ji. Na jira ta ce sai haƙuri, ko ta ce kwanansa ne ya ƙare, don in samu abin faɗa. Ba ta ce ko ɗaya ba.

"Lokacin da ka tsaya a ƙofa, me ka sani?"

"Na san ya bar kunu."

"Ka san akwai bom a kasuwa?"

"Da na sani zan tsaya kunyar masu gyaran yakuwa?"

"To wanda ka ke hukuntawa, mace da ya sani ne, ko mace da bai sani ba?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata ba ta haihu ba, ba ta binne ba, wasa take yi da hankalina. Na ɗauki mayafina na fita. Talatar da ta biyo baya ban je ba. Amma tambayar ta bi ni gida, ta zauna kusa da lissafina, duk inda ya ɗaga kai sai ta ɗaga nata. Da na koma ba ta yi mini ƙorafi ba. Ta zana faifai a takarda ta ce in raba alhakin ranar. Na ba wanda ya haɗa bom ɗin kasonsa, na ba wanda ya aiko, na ba wanda ya ɗauko. Da na zo kaina saura ɗan tsinke. Na ce wannan ba zan sake shi ba. Ta ce in riƙe, ba ta zo ƙwace mini komai ba.

Na ɗauka mun gama. Ashe akwai wani tunanin a ƙarƙashi, sai da na farkon ya yi sauƙi ya fito. Na rubuta shi: Ya mutu bai san ina son sa ba. Ban taɓa rungumarsa ba tun da aka yaye shi. Ban taɓa yabonsa a gabansa ba. Ko sunan da aka yanka masa rago bai taɓa ji a bakina ba.

"Wannan ba za mu iya auna shi a ɗakin nan ba," ta ce. "Ni ban san shi ba. Wa zai sani?"

Matarsa ce za ta sani. Tana gidan iyayenta a Gwadabawa, ta zo gaishe ni sau da yawa, ni ban taɓa taka ƙafata wurinta ba, kuma ba maganar da za a yi a waya ba ce. Sai an je Jimeta ke nan.

Daki-daki muka yi shi. Satin farko in tsaya a bakin titi inda ya hau keke, kada in gudu, har bugun zuciyar ya sauka da kansa. Na tsaya gumi yana bin bayana, masu keke suna ta tsayawa suna tambaya, "Mama, za ka tafi ne?" Bugun ya sauka kuwa, daga tara zuwa biyar, abin ya ba ni mamaki har ya ba ni haushi. Sati na gaba na hau keke da autata zuwa shataletalen farko muka dawo. Sannan na hau ni kaɗai. Sau ɗaya na sa mai keke ya juya da ni a tsakiyar hanya, na je wurin mai maganina ina jin kunya, ta ce wannan ma a rubuta, a sake gobe. Wata biyu na yi kafin na ga Gwadabawa.

Surukata ta durƙusa ta gaishe ni tana kallona kamar ta ga wadda ta dawo daga lahira. Ban yi dogon zance ba, don na san in na tsaya gaishe-gaishe ba zan iya ba. Na tambaye ta ko ya taɓa cewa ba na son sa.

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

"Dada, shi? Filas ɗin kununki ko ni ba ya bari in taɓa. A shago yake ɓoye shi yana sha shi kaɗai." Ta share ido. "Ai da gangan yake barin kaya a gidanki."

"Da gangan kamar yaya?"

"Don ki biyo shi. Ya ce in kin ce 'kai' sai ya yi kamar bai ji ba, ya rage sauri, ko za ki manta ki kira sunansa. Kullum in ya dawo sai ya ce, yau ma Adda ta tsira, amma wata rana sai na kama ta."

Ashe ya ji ni. Tafiyar nan da yake yi a hankali cikin mutane, ni yake jira. Na tabbata murmushi yake yi, irin wanda yake yi in ina masa faɗan sakaci. Kukan da ban yi a makoki ba a tsakar gidan surukaina na yi shi, da ƙarfi, ba kunya, har uwar yarinyar ta fito ta riƙe ni.

Na kai wa mai maganina wannan labari ina jiran ta gaya mini ko sauƙi ne ko ƙari. Ta ce ita ma ba ta sani ba, ta ga kamar duka biyun ne. Ta ce in rubuta magana wadda take gaskiya, ba mai daɗi ba. Na daɗe kafin na rubuta: Ya san ina son sa. Ya so ya ji sunansa a bakina. Ban san ranar ƙarshe ce ba. Ta tambayi ƙarfin ciwon. Na ce shida. Mun gama zamanmu tuni, ina zuwa Jimeta, ina shiga kasuwa, amma shidan nan bai sauka ba, kuma na daina sa ran zai sauka.

Aiki na ƙarshe ba ita ta ba ni ba. Wata Asabar da safe na dama kunun gyaɗa na zuba a filas ɗin nan, na fita ƙofar gida. Maƙwabtana suna zaune inda suka saba, sun tsufa kamar yadda na tsufa. Na fuskanci bakin titi na kira sunan ɗana, da ƙarfi, yadda ya kamata in kira shi ran nan. Sunan ya yi mini baƙo a baki. Matan suka bar abin da suke yi.

Wani mai tura ruwa ya tsayar da kurarsa ya waiwayo. Ashe sunansu ɗaya.

"Na'am, Dada?"

Na ce masa ba shi ba ne. Ya ci gaba da tura kurarsa, ni kuma na tsaya a wurin da filas a hannu ina kallon bakin titi.