Kibau Na Rubuta, Ban Rubuta Farauta Ba

Wani tafinta ya yi ƙarya da takardata, ya sa aka ɗaure mazan ƙauyen kawuna, ya bar ni da baƙin sunan. A Gure ne, cikin shekarun 1930. Lokacin ina saurayi, na yi lakwal, makarantar Nasara, shekara uku aka kore ni. Faransanci ina ji, ban iya rubuta shi ba. Aikina a biro, wato ofishin kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, shi ne in zaga kasuwannin Gidigir da Kelle da Gamu, in saurara, in rubuta abin da na gani da ajami, tafinta kuma ya juya wa kumandan da Faransanci. Wai don zaman lafiyar ƙasa. Ni dai hular da aka ba ni nake yi wa aiki.

Wata bazara na sauka gidan kawu, can gefen Gidigir. Na tarar da maza a inuwa suna shafa wa kibau dafi, maƙeri na gyaran masu. Duk ɗan ƙasa ya san farautar gayya ce ta kafin damina, a buga ganga ƙauyuka su haɗu. Kawu ya yanka mini zabuwa, yana tsokanata wai Nasara ba sa ciyar da mutanensu. Na koma na rubuta kibau da masu da ganga. Farauta ban rubuta ba, don a ganina wa bai sani ba?

A gabana tafinta ya karanta, ya ce wa kumandan tawaye ake shiryawa. Na ji kalmar sarai. Kumandan ya dube ni ya tambaya ko haka ne, na gyaɗa kai, don kar a karɓe hula. 'Yan gardi, dogaran kumandan, suka je suka ƙone bakunkuna da kibau, suka taso maza da igiya a wuya zuwa aikin hanya. Kawu ya wuce ta gabana bai dube ni ba, kuma bai dawo ba. Tafinta aka ƙara masa girma. Ni uwata ta rasu ba ta sake kiran sunana ba.

Duk mai tattara wa masu iko labari, ya rubuta har abin da kowa ya sani. In aka juya maganarsa a gabansa, ya buɗe baki nan take.

Bara na gamu da tafintan a kasuwa, ya tsufa, riƙe da carbi. Ya miƙo hannu yana ce mini malam, wai a manta da na baya. Ban karɓa ba. Na ce masa ƙaryar tasa ce, kan da aka gyaɗa kuwa nawa ne, kuma ran da zai je neman gafarar 'ya'yan kawu ya biyo ta gidana mu tafi tare, don ni kaɗai na kasa.